Yadda Za Ka Fara Tallata Sana'arka a Soshiyal Midiya Daga Zangon Kumasi

Lokacin da aka tashi 'yan kasuwar Central Market don a ci gaba da ginin sabuwar kasuwar Kejetia a Kumasi, aka watsa wasu Racecourse wasu kuma can daban, ba rumfa kaɗai mutane suka rasa ba. Kwastomar da ta saba zuwa layi kaza ta tarar da mai atamfarta, ta zo ba ta gan shi ba, sai ta saya a hannun wanda ta samu. Haka aka sake gani bayan gobarar Kejetia ta watan Maris 2023. Amma wanda lambarsa ke cikin wayar kwastomominsa, duk inda aka kai shi za a bi shi. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa tela a Aboabo, da mai mayafi da turare a Alabar, da makaniki a Suame Magazine, da yaron da ya gama jami'ar KNUST yana neman aiki, kowa ke buƙatar ya iya wannan harka.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano, suka gangaro Kumasi bayan kasuwar Salaga ta durƙushe a ƙarshen ƙarni na 19, suna da tsari. Baƙo ya zo da kaya, ya sauka gidan maigida. Maigida ne zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da kaya bashi. Mai saye bai san baƙon ba, amma ya san maigidan. To a intanet ba ka da maigida. Wadda ta ga hoton kayanka a Tamale ba ta san gidanku ba, ba ta san masallacin da kake salla ba, kuma an taɓa cinye mata kuɗi. Duk matakan da ke ƙasa aikinsu ɗaya ne: su tsaya maka a wurin wanda bai taɓa ganinka ba.

Fara da layin waya, kafin komai

Ka ware layi ɗaya na sana'a, ka yi masa rajista da Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, naka na kanka. Mutane da yawa suna raina wannan, suna ciniki da layin da aka yi wa rajista da sunan ƙane ko matar wa. Ga inda matsalar take: duk wanda zai tura maka kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, kafin ya sa lambar sirrinsa sai sunan mai layin ya fito masa. Ya yi ta magana da mai ɗinki namiji, sai ga sunan wata mace daban. Nan take hannunsa zai yi sanyi, kuma ba lallai ya gaya maka dalili ba, sai dai ka ji shiru. Idan ciniki ya fara kauri, je ofishin kamfanin layinka ka nemi asusun ɗan kasuwa, wanda sunan shagon ne ke fitowa. A nan rajistar sunan kasuwanci a ofishin magatakardar kamfanoni take amfani. Tun 2018 ana iya tura kuɗi tsakanin layuka daban-daban, saboda haka mai Telecel Cash ko AT Money zai iya biyanka a MTN, ba sai ka tara layi uku ba. Harajin E-Levy da aka fara cira kan kuɗin da aka tura ta waya a 2022 ma an soke shi a 2025, wannan uzurin ya ƙare.

Sannan ka buɗe imel ɗaya na sana'a, ka riƙa buɗe duk shafukanka da shi. Kar ka bar yaron da ke gyaran waya a Adum ya buɗe maka da nasa. Ranar da kuka saɓa, ko ya bar gari, shafin ya tafi da shi. A WhatsApp ka shiga saiti, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba shida da kai kaɗai ka sani. Yadda ake ƙwace WhatsApp ɗin mutane bai canza ba: a kira ka a ce an sa ka cikin rukunin addu'a ko taron tallafi, a ce ka karanto wasu lambobi shida da suka shigo maka ta saƙo. Ka karanta, an gama. Daga nan sai a bi kwastomominka da 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya ana roƙon kuɗi da sunanka.

Wane dandali?

Shawarata, WhatsApp Business da wani guda ɗaya. Shi ke nan. Wanda ya buɗe biyar rana ɗaya, bayan wata guda huɗu sun zama kufai, kuma shafin da aka daina ɗora masa abu tun bara ya fi rashin shafi muni, don mai dubawa zai ɗauka ka daina sana'ar.

Na biyun kuwa ya danganta da wanda kake nema. Idan kayanka na mata ne da 'yan mata, abaya, lalle, kayan kwalliya, abinci, TikTok ko Instagram. Idan magidanta kake nema, masu sayen fili, kayan gini, ragon Layya, kayan mota, suna Facebook, kuma rukunonin unguwanni da na saye da sayarwa a can suke. Waya da kayan lantarki da mota na hannu, shafin saye da sayarwa na Jiji ya fi sauri. Mai neman aikin ofis ko kwangila, LinkedIn. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka tambayi kwastomomi goma da suka fi saye a wurinka wanne suke buɗewa kullum.

A Facebook ka buɗe shafin kasuwanci, kar ka tsaya kan asusunka na kai. Asusun kai abokai 5,000 ne iyakarsa, kuma a can ne kake faɗan siyasa da na ƙwallo. Kwastomarka 'yar Asante da ke Bantama ba ta da buƙatar sanin jam'iyyar da kake yi.

Cika bayananka

WhatsApp Business kyauta ce, tun 2018 take, kuma a kan layin sana'ar za ka ɗora ta. Suna ɗaya za ka sa a ko'ina, harafi da harafi, kuma ya faɗi abin da kake yi. Hoton fuskarka a cikin shago ya fi tambarin da aka ɗauko a intanet, sai dai mace da ba ta son fuskarta ta fito, ita sai ta sa hoton aikinta ko gaban shagon. A wurin bayani ka amsa tambayoyi huɗun da kowa zai yi: me kake sayarwa, a ina kake, yaushe kake buɗewa, kana aikawa wasu garuruwa ko a'a. Ka sa adireshin GhanaPost GPS, amma ka haɗa da kwatance irin namu, "bayan babban masallaci, kusa da mai koko", don mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, da kwatance yake aiki. Ka rubuta cewa ana rufewa lokacin Juma'a, kar wani ya yi tattaki a banza.

Akwai kundin kaya a cikin manhajar, inda kowane kaya ke da hoto da suna da farashi. Kar ka ce sai ka zuba komai. Fara da goma zuwa ashirin da suka fi tafiya. Ka saita saƙon maraba da saƙon "ba na kusa", da amsoshi na nan take ga tambayoyin da ake maimaitawa, kamar lambar MoMo da kuɗin aikawa Accra. Sannan ka haɗa mahaɗinka: wa.me/233 sai lambarka ba tare da sifirin farko ba. Wannan za ka liƙa a TikTok da Facebook, wanda ya taɓa shi kai tsaye zai faɗo cikin hirarka.

Tara lambobi, nan aikin yake

Abin da yawancin masu farawa ba su gane ba shi ne yadda sitatus na WhatsApp ke aiki. Ba ya bayyana sai ga wanda kai ka ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taka. Haka saƙon bai-ɗaya, wanda ke ɗaukar mutum 256 a jeri guda, ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Ke nan kana iya samun lambobi dubu a waya, amma mutum arba'in ne ke ganinka.

Saboda haka a bakin shago ake gina wannan, ba a cikin waya ba. Hajiya ta gama biya, kana naɗe mata kaya, sai ka ce, "Hajiya, bari in sa miki lambata, in sababbin kaya sun sauka za ki gani tun kina gida." Ta miƙo wayar, ka rubuta sunan shagon da kanka, ka kira layinka, ka ajiye tata a gabanta. Ka rubuta ta yadda za ka tuna: sunanta, unguwarta, abin da ta saya. Minti ɗaya ne. Ka buga lambar a kan leda, da rasit, da jikin ƙofar shago. Wurin suna da biki da walima, idan an yaba ɗinkin da ke jikin wani, wanda ya ɗinka ya kamata a iya samunsa kafin a tashi.

Abin da ba na so, kuma na san ba ni kaɗai ba, shi ne a wayi gari a ga an jefa mutum cikin rukunin talla ba a tambaye shi ba, ko a kwashi lambobi daga rukunin makarantar Islamiyya ana tura musu hoton takalma. Mutane suna danna ƙorafi, kuma idan ƙorafi ya taru WhatsApp na rufe layi. Banda haka Ghana na da dokar kare bayanan mutane tun 2012. Ka tambaya tukuna. Wanda ya ce a'a, ka ƙyale shi.

Ka kuma sami littafi na takarda ka riƙa kwafe sunaye da lambobin manyan kwastomominka. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A watan Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, ƙasar nan ta kwana biyu tana fama. Kiran waya bai tsaya ba.

Abin da za ka ɗora

Ba sai da babbar waya ba. Goge gilashin kyamarar da gefen riga, fito da kayan bakin ƙofa da safe ko bayan la'asar, inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Shimfiɗa farin yadi ko kwali a ƙasa. Shadda da leshi a ɗauke su kusa har zaren ya fito, a kuma ɗauke su daga nesa. Kar a sa matatar da ke canza launi. Wadda ta ga ruwan toka a hoto aka kai mata ruwan ƙasa, ba za ta dawo ba, kuma za ta faɗa wa ƙawayenta.

Hoton da aka sato daga shagunan Dubai ko Turkiyya kowa ya gane shi yanzu. Abin da ba a iya satowa shi ne hannunka a kan aiki. Tela ya nuna yadda yake yanka wuyan kaftani, da ƙarar keken a baya. Mai waakye ta nuna lokacin da take buɗe tukunya da asuba, tururi na tashi, ganyen dawa ya rina shinkafar ja. Makaniki ya riƙe fulogi biyu, na asali da jabu, ya nuna inda ake bambanta su. Mai fura ta nuna inda take wanke ƙwarya da irin ruwan da take amfani da shi. Irin wannan bidiyon na daƙiƙa ashirin zuwa talatin ya isa, kuma ka fara da abin kallon, ba da doguwar gaisuwa ba, don yatsan mai kallo ba ya jira. Ka tuna da datarsa yake kallonka.

Ka rubuta farashi. Na san al'adarmu ta ciniki ce, a taya a ce albarka, kuma mutane na tsoron maƙwabci ya ga farashinsu ya rage sidi biyar. Amma "zo inbox" na korar mai kunya da mai sauri, ya bar maka masu tambaya don nishaɗi. In kayan na canza kuɗi saboda dala, rubuta "daga sidi kaza", ko ka sa ranar da ka ɗora.

Batun harshe kuwa, Kumasi ce. Yi magana da Hausa a bidiyon idan ita ce bakinka ya fi sakewa da ita, amma rubutun da ke kan allo, wato sunan kaya da farashi da wuri, ya zama da Turanci, ka jefa Twi inda ya dace. Da yawa daga kwastomominmu sun fi jin saƙon murya a kan rubutu, kar ka ji nauyin amfani da shi. In kana da masu saye a Najeriya ko Nijar, suna gabanmu da awa ɗaya.

Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Uku zuwa biyar a rana sun wadatar. Wanda ya jera talatin, ɗigogin saman allo suka zama kamar zare, wucewa ake yi. Kalandarmu ma ta san lokacin kasuwa: kayan Sallah tun kafin azumi ya raba ake fara nuna su, ba daren idi ba, haka lokacin dawowar alhazai da komawar yara makaranta, da Disamba ga maƙwabtanmu Kirista. Tela kuma ya sanar a fili ranar da ya rufe karɓar ɗinkin Sallah, ya tsaya a kanta.

Daga tambaya zuwa kuɗi a hannu

Amsa da wuri, ko da "Na gani Alhaji, ina tare da kwastoma, zan kira ka bayan azahar" ne, sannan ka kira ɗin. Idan an daidaita, ka rubuta komai a saƙo ɗaya: kaya kaza, launi kaza, kuɗi kaza, kuɗin mota kaza, zai tashi ranar kaza. Ko da murya aka yi cinikin, a rufe shi da rubutu. A aikin da sai an yanka ko an dafa, karɓi kafin alƙalami.

Kar ka saki kaya don an turo maka hoton rasit ko saƙon tes mai kama da na MoMo. Buga *170# in MTN ne, ka ga kuɗin a asusunka da idonka. Wanda ya kira yana rantsuwa ya tura maka kuɗi bisa kuskure, ce masa ya kira kamfanin su mayar masa. Lambar sirrinka kuwa babu ma'aikacin da ke da hurumin tambayarta. In an damfare ka, sanar da kamfanin layin nan take, ka kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa.

Kayan da za a aika Accra ana kai su tashar motar VIP da ke Asafo ko STC, a karɓa a Accra. Ɗauki hoton ƙunshin da sunan mai shi a rubuce, da hoton rasit, ka tura masa tare da lokacin da motar ta tashi. Idan ya isa, ka tambaya ko ya yi daidai. In ya yaba, nemi izininsa ka ɗora yabon, ka rufe lambarsa. Shaidar mutum ɗaya da ya saya daga Wa ko Bolga ta fi duk abin da za ka faɗa game da kanka.

Ga mai neman aiki da manyan hulɗoɗi

LinkedIn da Turanci ake yinsa, kuma ba wurin barkwanci ba ne. Hoto mai tsabta, hula ko hijabi duk daidai ne, fuska dai ta fito. Layin da ke ƙarƙashin sunanka kar ka rubuta "mai neman aiki". Rubuta abin da ka iya da garin da kake, misali mai haɗa wutar sola a Kumasi, ko akanta mai aiki da Excel da QuickBooks. Shekarar bautar ƙasa gogewa ce, ka faɗi abin da ka yi a cikinta dalla-dalla. Lissafin shagon babanka da ka riƙe shekara uku ma gogewa ce. Ka jera harsunanka. Yaron zango da ke jin Hausa da Twi da Turanci, wani har da Larabci ko Faransanci ko Dagbani, yakan manta cewa ƙungiyoyin da ke aiki a arewa da kamfanonin da ke ciniki da Burkina Faso da Nijar suna neman irinsa.

Fara haɗuwa da waɗanda suka san ka: 'yan ajinku, malamanka, shugabanka na wurin bautar ƙasa. Daga nan ka nemi tsofaffin ɗaliban makarantarku da ke aiki inda kake sha'awa. Kar ka tura gayyata tsirara, kuma kar saƙonka na farko ya zama "a taimaka min da aiki". Ka gabatar da kanka a layi biyu, ka faɗi abin da ya haɗa ku, ka yi tambaya ɗaya da zai iya amsawa cikin minti biyu, kamar wace takardar ƙwarewa ce ta fi amfani a fanninsu. In ya amsa, ka gode, bayan wani lokaci ka koma ka gaya masa abin da ka yi da shawarar. Mutum ya fi tuna wanda ya yi aiki da maganarsa. In an yi taron matasa a cibiyar fasaha ta Kumasi Hive ko a harabar jami'a, je da ƙafarka, ka tura gayyatar a daren ranar tun ba a manta fuskarka ba. Duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin fom ko na horo ta MoMo kafin a gan ka, ko aka ce ka kawo mutum biyu, ka bar shi.

Tallan kuɗi

Wannan shi ne na ƙarshe, kuma da yawa ba sa buƙatarsa a watannin farko. Kar ka sayi mabiya, ba sa sayen komai. In za ka biya Facebook ko Instagram, zaɓi abin da ya riga ya jawo tambayoyi da kansa, ka taƙaita shi ga Kumasi da kewaye ko garin da kake iya aikawa, ka sa maɓallin ya kai mutum WhatsApp ɗinka, ka gwada da kuɗin da ba zai taɓa jarinka ba na 'yan kwanaki. Abin ƙirgawa shi ne mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya, ba yawan waɗanda suka danna alamar so ba.

Masu maganin gargajiya da kayan mata da man shafawa da abincin kwalba su sani cewa hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ce ke yi wa kayan rajista, kuma tallan ma sai ta amince da shi, ko a rediyo ko a TikTok. Tun 2016 ta hana man bilicin mai sinadarin hydroquinone. Cewa magani na warkar da ciwon suga ko hawan jini a bidiyo na iya jawo maka abin da ya fi rufe shafi.

Duk sabon kwastoma ka tambaye shi, "A ina ka gan mu?" Ka ja layi a bayan littafinka, gefe ɗaya sitatus, gefe ɗaya TikTok ko Facebook, gefe ɗaya wanda wani ya turo. Ƙarshen wata ka ƙirga. Inda layukan suka fi yawa ka ƙara ƙarfi a can, inda babu ko ɗaya bayan wata uku ka daina zuba masa data.